Kameliya: Asalin Sunanta, Tarihinta, da Dangantakarta da Ganyen Shayi

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila ta aiko da tambaya. Ta ce a ƙofar gidan da suke haya akwai wata 'yar bishiya mai kaurin ganye, kore shar, mai ƙyalli, wadda ba ta kaɗe ganyenta komai tsananin sanyi. A watan Fabrairu, lokacin da sauran itatuwan unguwar suka zama ƙirare, ita sai ta cika da jajayen furanni. Maƙwabciyarta ta ce mata sunanta Camellia, sai ta tuna ta taɓa ganin wannan kalma a bayan kwalin ganyen shayi. Tana son ta san daga ina bishiyar ta fito, ko sunan yana da alaƙa da kalmar raƙumi a Turance, kuma mene ne haɗinta da shayi.

Malama, idonki bai yaudare ki ba. Bishiyar ƙofar gidanku da ganyen da mai shayi yake dafawa 'yan gida ɗaya ne. Sunan kuwa na mutum ne, kuma mutumin bai taɓa dasa wannan bishiya a Turai ba, bai kuma kai ta can ba.

Sunansa Georg Joseph Kamel. An haife shi a 1661 a birnin Brno, wanda yake cikin Jamhuriyar Cek a yau. Ya koyi harhaɗa magunguna, ya shiga ƙungiyar Jesuit ta ɗarikar Katolika a matsayin mai hidima, domin shi ba limamin coci ba ne. Ƙungiyar ta tura shi tsibiran Filifin, ya isa Manila a 1688, kuma bai sake komawa gida ba. A can ya buɗe ɗakin magani a kwalejin ƙungiyar, yana ba talakawa magani kyauta, ya kuma yi lambu inda yake shuka itatuwan magani. Abin da ya sa sunansa ya kai Turai shi ne ƙwazonsa wajen rubutu da zane. Duk tsiron da ya samu a tsibirin Luzon sai ya zana shi, ya rubuta sunan da mutanen wurin suke kiransa da shi da abin da suke yi da shi, ya aika wa masana biyu a Ingila, John Ray da James Petiver. Wasiƙa takan yi fiye da shekara a hanya, wani lokaci ma ta ɓace a teku. A 1704 Ray ya buga bayanan Kamel a ƙarshen kundi na uku na babban littafinsa kan tsirrai, kuma shi ne bayani na farko mai tsari da Turai ta samu game da itatuwan Filifin. Kamel ya rasu a Manila a 1706, yana da shekara 45.

A wancan zamani masana da Latin suke rubutu, saboda haka ake rubuta sunansa Camellus. Daga nan aka samo Camellia, abin da mu za mu ce kameliya. A Jamusanci kalmar Kamel tana nufin raƙumi, don haka zarginki bai faɗi ƙasa banza ba, sai dai raƙumin a sunan gidansu mutumin ya tsaya, bai shafi bishiyar ba.

Wanda ya raɗa sunan shi ne Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin ba kowane tsiro suna biyu, na dangi da na jinsi. An haife shi a 1707, shekara ɗaya bayan rasuwar Kamel, ba su taɓa haɗuwa ba. Al'adarsa ce ya karrama masana tsirrai da suka gabace shi ta hanyar liƙa sunayensu a kan dangogin itatuwa, ko da babu abin da ya haɗa mutumin da itacen sai yankin duniya. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya rubuta Camellia japonica, kuma kusan tabbas wannan ita ce ta ƙofar gidanku. Da ya zo bayyana ta bai dogara da rubutun Kamel ba. Hujjarsa ita ce littafin wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer, wanda zan zo kansa.

Za ki ci karo da littattafan lambu da ke cewa Kamel ne ya kawo kameliya Turai. Wannan ba gaskiya ba ne. Akwai kuma masu mayar da abin ba'a, suna cewa an ba mutum fure a banza. Su ma ban bi bayansu ba. Mutumin da ya shafe shekara 18 yana jinyar marasa lafiya, yana rubuta ilimin maganin mutanen Luzon da sunayensu na asali, ya cancanci a tuna da shi. Damuwata a wani wuri take. Idan aka fara tarihin bishiyar daga ranar da aka raɗa mata sunan Latin, an binne ɗaruruwan shekarun aikin masu lambun Sin da Japan, waɗanda su ne suka mayar da itacen daji ya zama abin da Turawa suka gani suka ruɗe.

A daji, Camellia japonica tana fitowa a kudanci da tsakiyar Japan, da kudancin Koriya, da wasu sassan gabashin ƙasar Sin, galibi a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa a wuraren da ruwan sama ya wadata. A can ba 'yar bishiya ba ce, takan kai mita 10. Furenta na asali ja ne, mai fallen fure biyar zuwa bakwai kacal. Idan kika samu irin wannan, ki ɗauka ki juya shi. Za ki ga fallayen a manne suke da juna daga ƙasa, zaren tsakiya masu rawayan kai su ma sun haɗe sun yi kamar ɗan ƙaramin kofi, kuma a gindin kofin akwai ruwan zaƙi mai yawa, har yakan ɗiga a yatsa. Wannan ƙira ita ce amsar dalilin da ya sa take fure cikin sanyi. A watan Janairu ƙudan zuma da sauran ƙwari sun lafa, amma tsuntsaye suna nan, kuma suna cikin yunwa. Wani ɗan tsuntsu kore mai farin zobe a ido, wanda Japanawa ke kira mejiro, yakan cusa baki cikin kofin ya sha, ya fito da ƙurar fure a goshi, ya kai wa wata bishiyar. Tsuntsu da ido yake neman abinci, shi ya sa furen yake ja mai ɗaukar ido, kuma shi ya sa yawancinsu ba su da ƙamshi. Ki sunsuna taku ki ji.

Saboda fallayen a manne suke, furen ba ya zubewa ɗaya-ɗaya. Gaba ɗaya yake faɗowa, yana nan da kyansa, har mutum mai kusa ya ji ƙarar saukarsa. Japanawa sun daɗe da lura da haka, kuma ya shiga waƙoƙinsu da zane-zanensu. Har yau wasunsu ba sa kai wa marar lafiya wannan fure a asibiti, don faɗuwarsa tana tuna musu da faɗuwar kai.

Sunanta a Japan tsubaki, kuma sunan yana cikin tarin waƙoƙinsu mafi tsufa, na ƙarni na 8. Kafin ta zama abin ado, abin amfani ce. 'Ya'yanta suna da tauri, suna kuma cike da mai. Ana tatsar man a shafa a gashi, a yi girki da shi, a goge wuƙaƙe da kayan sassaƙa don kada su yi tsatsa. Tsibirin Izu Oshima da tsibiran Goto har yanzu an san su da wannan mai. A ƙarni na 17, zamanin mulkin gidan Tokugawa, tara nau'o'inta ya zama abin gasa tsakanin masu mulki da attajirai, har aka riƙa yin littattafan zane na nau'i ɗari-ɗari. Mayaƙan yankin Higo, wato Kumamoto ta yau, sun fitar da irin nasu mai shimfiɗaɗɗen fure da tulin zare a tsakiya, kuma har yau da sunan yankin ake kiransa.

A ƙasar Sin ana ce mata shancha, wato shayin dutse. Kin ga ke nan mutanen can sun san dangantakarta da shayi tun kafin wani Bature ya yi tunanin haka. A lardin Yunnan akwai wata 'yar'uwarta, Camellia reticulata, mai fure kamar faɗin tafin hannu, wadda aka daɗe ana dasawa a harabar wuraren ibadar mabiya Buddha, kuma akwai tsofaffin itatuwanta masu ɗaruruwan shekaru da suke raye. Wata kuma, Camellia oleifera, don mai ake noma ta a lardunan Hunan da Jiangxi, miliyoyin mutane da shi suke girki.

Labarin japonica ya riga ta isa Turai. Wani likita ɗan Sikotilan, James Cunningham, da ke aiki da kamfanin cinikin Gabashin Indiya na Ingila a gabar tekun Sin, ya aika da busasshen reshe zuwa Landan, Petiver ya buga zanensa a 1702 yana kiransa wani irin shayin Sin mai fure. Wannan Petiver ɗin shi ne dai abokin wasiƙar Kamel. Sai Kaempfer, wanda ya yi aikin likita da kamfanin Holan a Dejima daga 1690 zuwa 1692. Dejima ɗan tsibiri ne da aka gina da hannu a tashar jiragen ruwa ta Nagasaki, kuma a wancan zamani a nan ne kaɗai Japan ta yarda Turawa su zauna, su ma 'yan Holan kawai, a ƙarƙashin tsaro. Sau biyu Kaempfer ya bi ayarin da ke zuwa gaisuwa fadar mai mulki a Edo, wato Tokyo ta yau, yana tsinkar ganye da furanni a hanya. A 1712 ya buga littafinsa, da zanen tsubaki da sunanta na Japan, ya kuma ambaci cewa masu lambun ƙasar suna da nau'o'inta masu ɗimbin yawa. Daga wannan shafi Linnaeus ya ɗauko ta, ya sa mata japonica.

Rayayyar bishiya ta farko da aka tabbatar ta yi fure a Ingila tana gidan Lord Petre ne, a Thorndon Hall cikin yankin Essex, a 1739. Matashi ne mai son tsirrai ƙwarai, agana ta kashe shi a 1742 yana da shekara 29. Mai kula da lambunsa, James Gordon, ya buɗe wurin rainon itatuwa a Mile End da ke Landan, ya ci gaba da sayar da ita. Amma kasuwarta ba ta buɗe sosai ba sai a 1792, da wani jirgin kamfanin cinikin Gabashin Indiya ya kawo nau'i biyu daga Sin: fara sol mai fallaye jere bisa jere, wadda aka sa wa suna Alba Plena, da wata ja mai ɗigon fari, Variegata.

A nan nake so ki tsaya ki duba da kyau. Fure irin na Alba Plena ba ya samuwa a daji. Zaren tsakiyarsa duk sun rikiɗe sun zama fallaye, don haka kusan ba ya yin iri. Hanyar yaɗa shi ita ce a yanki reshe a dasa, ko a yi masa aure da gindin wata bishiyar, kamar yadda masu lambunmu suke yi wa mangwaro. Ma'ana, wani mai lambu a ƙasar Sin ne ya ga wannan fure ya fito, ya gane darajarsa, ya yanka ya dasa, na bayansa suka riƙe shi hannu da hannu har ya kai tashar jiragen Guangzhou. Duk wata Alba Plena da ke duniya a yau yanki ce ta waccan bishiya guda. Abin da ya sauka a Landan a 1792 gamammen aiki ne, sai dai takardun Turawa sun adana sunan jirgi da na attajirin da aka kawo wa, ba su adana sunan mai aikin ba. Kuma ki lura, ko da yake sunanta japonica, yawancin waɗanda suka fara isa Ingila daga lambunan Sin suka fito, domin ƙofar Japan a rufe take ga Ingilishi a lokacin.

Daga nan sai abin ya zama yayi. A 1820 wani kyaftin ɗin jirgi, Richard Rawes, ya kawo reticulata ta farko, wadda har yau take ɗauke da sunansa. Turawa sun ɗauka duk abin da ya fito daga Gabas zafi yake so, sai suka riƙa kulle japonica a ɗakunan gilashi masu murhu, alhali bishiya ce da ta saba da dusar ƙanƙara. An daɗe kafin a gane cewa a waje ta fi jin daɗi. Wasu daga cikin itatuwan wancan zamani suna nan. A Chiswick House da ke yammacin Landan akwai tarin da aka fara dasawa a 1828, ciki har da wata da ake kira Middlemist's Red, wadda aka kawo daga Sin a 1804, kuma tsofaffin itatuwanta biyu kawai aka sani, ɗaya a nan, ɗaya a Waitangi ta ƙasar Niyu Zilan. Tunda kina Ingila, ki daure ki je a watan Maris. A Pillnitz kusa da Dresden ta Jamus kuwa akwai wadda aka dasa a fili a 1801, ta kusa mita 9 a tsayi, kuma tun 1992 aka yi mata ɗakin gilashi mai tafiya a kan dogo, a turo shi ya rufe ta da sanyi, a janye shi idan gari ya yi ɗumi.

Ƙarshen ƙarni na 19 yayin ya wuce, masu kuɗi suka koma kan wasu furanni, yaƙin duniya na farko kuma ya kwashe ma'aikatan lambu, ɗakunan gilashi suka lalace. Wanda ya farfaɗo da ita shi ne J. C. Williams na Caerhays a yankin Cornwall. George Forrest, mai yawon neman tsirrai, ya aiko masa da irin wata kameliyar daji daga duwatsun Yunnan, Camellia saluenensis. A shekarun 1920 Williams ya haɗa ta da japonica, aka samu zuriyar da ake kira williamsii, mai jure sanyi, mai yawan fure, wadda kuma take zubar da furen da ya tsufa maimakon ya bushe ya yi baƙi a jikinta. Yawaitar kameliya a ƙofar gidajen talakawan Ingila ta samo asali ne daga wannan aiki.

Ta shiga siyasa ma. A Birazil, a shekarun da suka kai ga soke bauta a 1888, masu fafutukar 'yanta bayi sun riƙe ta a matsayin alamarsu, kuma a unguwar Leblon ta Rio de Janeiro akwai gonar kameliya da ta zama mafakar bayin da suka gudu. A Niyu Zilan kuma, a 1893, mata masu neman 'yancin zaɓe sun ba 'yan majalisar da suka goyi bayansu farar kameliya, shi ya sa furen yake kan takardar kuɗinsu ta dala 10.

Saura shayi. A wancan littafi na 1753 Linnaeus ya raba su gida biyu: Camellia daban, shayi kuma ya kira shi Thea sinensis. Daga baya ma ya ƙara raba shayin kashi biyu, yana zaton baƙin shayi da koren shayi daga itatuwa daban suke fitowa. Masana da suka biyo baya suka duba fure da 'ya'ya suka ga bambancin bai kai a raba dangi ba. Robert Sweet ya fara haɗe su a 1818, sannan a 1887 Otto Kuntze ya tabbatar da sunan da kika gani a kwali, Camellia sinensis. Batun baƙi da kore kuwa Robert Fortune ne ya warware wa Turawa shi a shekarun 1840, da ya shiga yankunan noman shayi na Sin ya ga ganye ɗaya ne, sarrafawa ce ta bambanta: koren ana gasa shi ko a turara shi da wuri, baƙin kuma ana murza shi a bar shi ya sha iska har ya yi duhu. Shi ne kuma ya fitar da dubban tsirran shayi daga Sin a ɓoye zuwa Indiya don amfanin kamfanin Ingila. Saboda haka baƙin shayin da ake haɗawa da madara a teburin mai shayi a Kano, da koren da ake dafa ataya da shi a Agadas ko Damagaram, duk kameliya ce. Furen bishiyar shayi ƙarami ne, fari, mai rawayan tsakiya, amma duk wanda ya san na japonica zai gane kamannin.

Ana noma wannan 'yar'uwar a kusa da mu. A tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Kakara, akwai gonar shayi, haka ma a Ndu cikin tsaunukan Kamaru. Abin da ya sa ta yi a can shi ne tudu, da sanyi, da yawan ruwan sama, da ƙasa mai tsami. Wannan ya amsa tambayar da na san za ta biyo baya, wato ko za ki iya kai reshe gida ki dasa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ban ba ki shawara ba. Zafin Afrilu da busasshiyar iskar hunturunmu za su ƙone ta, ga shi kuma tana bukatar sanyi mai ɗorewa kafin ƙunshin furenta ya buɗe yadda ya kamata.

Ita kuwa ta ƙofar gidanku, ga yadda za ki tabbatar da jinsinta. Idan tana fure daga Janairu zuwa Afrilu, ganyenta manya, furen yana faɗowa gaba ɗaya, japonica ce ko ɗaya daga cikin zuriyar Williams. Idan kuwa tun Oktoba ko Nuwamba ta fara, ganyen ƙanana, da ɗan ƙamshi, fallayen suna zuba ɗaya-ɗaya, to wannan sasanqua ce, wata 'yar Japan ɗin. Kulawar da take so ba ta da yawa, amma lokacinta yana ruɗar mutane. Ƙunshin furen da kike gani a Fabrairu tun watan Yuli zuwa Satumba take haɗa shi, don haka idan ta sha ƙishirwa a waɗannan watanni, sai ya zube tun bai buɗe ba, mutum ya ɗora wa sanyi laifi. Ki ba ta ruwa sosai a lokacin, kuma ruwan sama ya fi, domin ruwan famfo a Landan da kudu maso gabashin Ingila yana da alli da yawa, shi ne yake sa ganyenta ya koma rawaya. Kada ki zuba mata toka a gindi, toka tana kashe tsamin ƙasa. Idan za ki rage mata rassa, ki bari sai ta gama fure. Ganyenta kuma ba ya maye gurbin na shayi, domin sinadarin da ke wartsake mai shan shayi a jikin sinensis yake da yawa.